Ina Sukarin Madara Yake Tafiya? Lissafin Kabohaidiret a Wara, Cuku da Nono

Laccar da aka gabatar a Paikon Kore, ƙaramar hukumar Gwagwalada, Abuja

 

    Iyayena mata masu tatsa da masu tallan nono, waɗanda kuka ajiye ƙwarya kuka bar ciniki don ku zo ku saurare ni, na gode, Allah ya mayar muku da alheri. 

Batun da aka ba ni yau ya shafi mutanen da likita ya ce su rage abinci mai sitaci da sukari, abin da ake kira kabohaidiret, ko dai saboda ciwon sukari ko saboda ƙiba. Da zarar an gaya wa mutum haka, tambayoyinsa sukan zo a jere. Tuwo fa? Shinkafa fa? Sai ya iso kan abin da ya fito daga saniya, a nan kuma kan rarrabu. Wani ya ce masa madara ba ta da laifi tunda ba a zuba mata sukari ba. Wani ya ce masa ya guji duk wani abu fari da ya fito daga hantsa. Wani kuma ya tura shi kantin cikin Abuja ya sayo cukun Turai mai tsada, wai shi ne kaɗai ya dace da mai ciwon sukari. To wanne ne gaskiya?

Ba a banza aka kawo wannan magana Paikon Kore ba. Nan akwai gandun kiwo da gwamnati ta keɓe, nan kuma kamfanin Nestlé ya buɗe cibiyar tattara madara da sanyaya ta a shekarar 2021. Madara abincinku ce, kuma dukiyarku ce. Ciwon sukari kuwa ya daina zama ciwon attajiran birni. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya fiye da miliyan 3 ne ke ɗauke da shi a Nijeriya, da yawa daga cikinsu ba su ma san suna da shi ba. Zan kasa maganata kashi shida.

Na ɗaya: me ake ƙirgawa?

Abincin da ke ba jiki ƙarfi iri uku ne. Akwai kabohaidiret, wato sitaci da sukari, irin na gero, dawa, masara, shinkafa, doya, rogo, zuma da rake. Akwai furotin mai gina jiki, na nama, kifi, ƙwai da wake. Akwai maiko, irin man shanu, man gyaɗa da manja. A cikin ukun nan, kabohaidiret ne ke narkewa ya shiga jini a matsayin sukari kai tsaye, don haka shi ne ake sa wa ido.

Masana sukan ce mutum ya rage kabohaidiret idan abin da yake ci a yini bai kai giram 130 ba. Akwai mataki mai tsanani da ake kira kito, wanda ake tsayawa tsakanin giram 20 zuwa 50 a yini. Kito ba sabon abu ba ne, ko da yake yanzu ne ya cika wayoyin matasa. Wani likita mai suna Russell Wilder ne ya tsara shi a asibitin Mayo da ke Amurka a 1921, kuma don masu farfaɗiya ya tsara shi. Daga baya, a 1972, likita Robert Atkins ya fitar da littafin da ya yaɗa rage kabohaidiret a tsakanin masu son rage ƙiba. A 2019 ƙungiyar ciwon sukari ta Amurka ta amince cewa rage kabohaidiret na cikin hanyoyin da suka fi hujja wajen daidaita sukarin jini.

Domin ku ji nauyin waɗannan lambobi, ga ma'auni. Ƙaramin cokalin shayi na sukari giram 4 ne. Dafaffiyar shinkafa giram 100, wadda ba ta wuce cikin ludayi babba ba, tana da kabohaidiret kusan giram 28. Burodi giram 100 yana da kusan 50. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana da fiye da 50. Ku riƙe waɗannan, za mu dawo kansu.

Na biyu: ina sukarin madara yake tafiya?

Wannan shi ne ƙashin bayan laccar, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Madarar da aka tatso yanzu, wadda ko ƙwayar sukari ba a jefa mata ba, tana da nata sukarin da Allah ya halitta a cikinta don ɗan maraƙi. Sunansa laktos. Ba shi da zaƙi sosai kamar na rake, shi ya sa harshe ba ya gane yawansa. A kowace lita ɗaya ta madarar shanu akwai kusan giram 47 zuwa 48. Kofi ɗaya mai cin rubu'in lita yana da kusan giram 12, daidai da ƙananan cokula uku na sukari. Bunaji ce, Rahaji ce, Bokoloji ce ko saniyar Turai, wannan adadi ba ya canzawa sosai. Maiko yakan bambanta daga saniya zuwa saniya, daga damina zuwa rani, amma laktos kusan a tsaye yake.

Yanzu ina so iyayena mata su tuna abin da hannunsu ke yi idan za su haɗa wara. Ana ɗora madara a wuta ta yi ɗumi. Ana dandaƙa ganye ko karan tumfafiya, a tace ruwansa a zuba kaɗan. Ana ci gaba da wuta a hankali har madarar ta tsinke, gudaji farare su taso, wani ruwa mai ɗan rawaya-rawaya ya ware gefe. Sai a kwashe gudajin a zuba a ƙananan kwanduna, ruwan ya tsiyaye. Tambayata ita ce: a wannan rabuwa, wa ya bi wa?

Furotin da maiko su ne suka dunƙule suka zama wara. Laktos kuwa narkakke ne a ruwa, ba ya dunƙulewa, don haka inda ruwa ya nufa can yake nufa. Duk ɗigon da ya fita ta ƙasan kwando ya fita da rabonsa na sukari. Abin da ya rage a cikin wara shi ne na ruwan da bai tsiyaye ba kawai.

Amma akwai hanya ta biyu ta raba madara da ruwanta, kuma sakamakonta kishiyar wannan ne. Waɗanda suka taɓa zuwa Keana a jihar Nasarawa sun ga yadda mata ke dafa ruwan gishiri: ruwan ya tashi ya bi iska, gishirin ya zauna a gindin tukunya. Haka laktos yake yi. In an tsiyaye ruwa, ya bi ruwa ya tafi. In wuta ko rana ce ta ƙafar da ruwan, yana nan daram, sai ma ya ƙara taruwa wuri ɗaya. Shi ya sa madarar gwangwani ta ruwa, wadda aka ƙafar da fiye da rabin ruwanta, take da giram 10 a kowane giram 100, ninkin na madarar da aka tatso. Shi ya sa madarar gari mai cikakken maiko take da kusan giram 38 a kowane 100. Ita kuwa madarar nan mai kauri da danƙo, wadda aka ƙafar kuma aka cika ta da sukari, ta haura giram 50. Mai shayi ba ya ƙarya idan ya ce maka bai sa sukari ba. Amma in ya zazzaga manyan cokula uku na madarar gari, ai ya riga ya sa.

Hanya ta uku ita ce tsami. Idan aka kwantar da madara ta kwana, ƙwayoyin halitta masu amfani suna cin laktos su mayar da shi tsami. Tsamin da kuke ji a nono sukari ne da ya riga ya sauya. Sai dai kwana ɗaya ba ya cinye shi duka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku ne ke tafiya, sauran na nan. Cukun Turai mai tauri ya haɗa hanyoyi biyu ne: an tsiyaye ruwansa, an danne shi da nauyi, sannan an ajiye shi wata da watanni, ƙwayoyin nan suna lashe ɗan abin da ya saura.

To kun ga, ko da abu ba shi da takarda a jikinsa, mutum zai iya yi masa tambayoyi uku. Ruwansa tsiyaye shi aka yi ko ƙafar da shi aka yi? Ya yi tsami ko bai yi ba? Me aka ƙara masa daga baya? Na fi son ku tafi gida da waɗannan tambayoyi a kan ku tafi da jerin lambobi, domin kusan duk abin da ake sayarwa a ƙwarya ko a faranti a kasuwannin Gwagwalada, Dobi da Zuba ba shi da takarda.

Na uku: bari mu yi lissafin

Mu fara da tamu. Kusan lita 5 na madara ke ba da kilo ɗaya na wara. A cikin lita 5 ɗin akwai laktos kusan giram 235, narke cikin ruwan da ya ɗan haura lita 4. Kilo ɗaya na sabuwar wara yana riƙe da ruwa kusan giram 600. In ka raba sukarin gwargwadon ruwan, abin da ya zauna a cikin warar bai wuce giram 30 da 'yan kai ba. Sauran giram 200 sun bi ruwan da aka zubar ko aka ba maraƙi. Ke nan wara giram 100, yanka mai kyau da zai cika tafin hannu, tana da kabohaidiret wajen giram 3. Bai kai ƙaramin cokali ɗaya na sukari ba. Wadda aka ƙara tafasawa a ruwan gishiri, ko aka jiƙa a ruwa don kada ta lalace, tana ƙara zubar da wani abu. Wadda aka soya kuwa ta rasa ruwa ta hanyar wuta, don haka sukarinta na nan yadda yake, yankan ne dai ya motse.

Ku kwatanta da shinkafa: giram 3 a nan, giram 28 a can, a nauyi ɗaya. Kuma warar ta zo da furotin da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, tana kuma riƙe ciki.

Sai cukun Nijar, wanda Buzaye da Fulani ke yi a yankunan Tawa da Agadas da arewacin Maraɗi, fatake kuma su kawo shi har kasuwanninmu. Shi ma tsinka madara ake yi a tsiyaye, sannan a baza gudajin fale-fale a shanya a kan tabarmar kara har ya bushe ƙayau. Ku yi masa tambaya ta farko. An tsiyaye, sukari mai yawa ya tafi. Daga nan rana ta ƙafar da sauran ruwan, ɗan sukarin da ya saura ya taru. Saboda haka giram 100 na busasshen cuku ya fi giram 100 na wara kabohaidiret, yana iya ninka shi ko fiye. Amma busasshen cuku ba shi da nauyi, kuma ba wanda ke cinye giram 100 a zaune. Falle ɗaya da shayi marar sukari ba abin damuwa ba ne. Damuwar tana zuwa ne idan aka daka shi cikin fura da dabino, kamar yadda ake yi a can, domin gero da dabino ne suka ɗauko nauyin.

Akwai kuma awarar waken suya da 'yan mata ke soyawa a bakin hanya da ƙofar makarantu. Ita ba daga saniya ta fito ba, ba ta da laktos sam, amma hanyar yin ta ɗaya ce: a tsinka madarar waken da ruwan tsami, a tsiyaye, a danne. Sukarin waken ma ruwa yake bi. Tana da wajen giram 2 zuwa 3 a kowane 100. Ga mai ƙaramin ƙarfi da aka ce ya rage tuwo, ban san abin da ya kai ta sauƙin kuɗi da amfani ba, musamman in an haɗa ta da kabeji, tumatir da albasa.

Yanzu na kanti. Masu tauri da aka daɗe da ajiyewa, irin su Cheddar na Ingila, Parmesan na Italiya da Gouda na Holan, suna tsakanin giram 1 zuwa 3 a kowane 100, kuma yankan da aka saba ci, giram 30, bai cika kai giram 1 ba. Mozzarella, wanda ake zubawa a kan fiza, wajen giram 2 ne. Masu laushi da ruwa-ruwa, waɗanda ake ɗiba da cokali ko a shafa a burodi, sukan kai giram 3 zuwa 5, domin ruwansu bai fita sosai ba. Waɗanda suka fi yawa su ne na sarrafawa, irin fallayen nan da ake naɗe kowanne a leda da 'yan ƙananan nan masu kusurwa uku. Narka cuku ake yi a haɗa shi da wasu abubuwa, sau da yawa har da garin madara ko garin ruwan nan da aka tsiyaye, wato a mayar da sukarin da aka fitar. Suna iya kaiwa giram 5 zuwa 9.

To ku duba da kyau. Tsakanin warar da aka yi da safen nan a ruga da Cheddar da aka ɗauko a jirgi, bambancin kabohaidiret bai wuce giram 1 ko 2 a yanka ba. Saboda wannan ne za a ce wa dattijon da ke karɓar fansho ya shiga mota har Wuse ya kashe kuɗin cefanen mako? Ni dai ban yarda ba, kuma raina yana ɓaci idan na ji an ɗora wa mara lafiya wannan nauyi. Abin da yake nema yana wucewa ta ƙofar gidansa kullum a kan kai.

Man shanu kuwa maiko ne zalla, kabohaidiret ɗinsa kusan babu.

Na huɗu: nono, kindirmo da fura

A nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Mutum zai zauna yana lissafin giram 2 da ke cikin cuku, sannan da la'asar ya sha fura cikin kwano ba tare da ya ƙirga komai ba, don ai “abincin gargajiya ne”.

Bari mu ƙirga masa. Kindirmo ko nono marar haɗi yana da wajen giram 4 a kowane 100, tunda tsami ya ci wani kaso amma ba a tsiyaye ruwa ba. Rabin lita giram 20 ke nan. Garin gero yana da fiye da giram 70 a kowane 100. In an yi dunƙulen fura ɗaya da gari giram 50, yana ɗauke da giram 35. Dunƙule biyu, 70. Sukari manyan cokula biyu, 24. Ku tara: 20 da 70 da 24, giram 114. Kwano ɗaya ya kusa cinye giram 130 na yini gaba ɗaya. Kafin mutum ya samu wannan adadi daga wara, sai ya ci kusan kilo 4. Kuma a cikin kwanon nan nono ne mafi ƙarancin laifi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na zagi fura. Allah ya kiyaye. Makiyayin da ya kora shanu tun hantsi bai dawo ba sai almuru, manomin da ya wuni a kan kunya, mai shayarwa, yaro mai girma, duk fura abincinsu ce, jikinsu zai ƙone ta, kuma ta fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Maganata da wanda aka auna aka ce sukarinsa ya hau ne, ko wanda ya bar daji ya koma zaman shago ko ofis amma kwanon furarsa bai ragu ba. Shi wannan ya sha nononsa, ya rage fura zuwa rabin dunƙule, ya bar sukari. Da azumi ma haka, domin buɗa baki da fura mai sukari, a bi da kunu, a bi da ƙosai da lemo, yana harba sukarin jini sama cikin sa'a ɗaya.

Ga tambaya ta uku kuma: me aka ƙara? An san ana kaɗa garin 'ya'yan kuka a nono don ya yi kauri, musamman da rani idan tatsa ta ragu. A cikin gari kuma wasu na haɗa kindirmo da madarar gari. Ba haramun ba ne, amma duka biyun suna ƙara kabohaidiret, kuma mai ciwon sukari yana da haƙƙin ya sani. Yogot na roba mai zaƙi yakan kai giram 12 zuwa 15 a kowane 100, wato ya kamo lemon kwalba har ya wuce shi, duk da hoton saniya da ke jikinsa.

Wata 'yar magana a gefe. Akwai mutanen da in sun sha sabuwar madara cikinsu ke kumbura ya yi ta ƙugi, har da gudawa. Ba ciwon sukari ba ne, jikinsu ne ba ya iya narka laktos bayan yarinta. Binciken da likita Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1971 ya nuna cewa yawancin Fulani makiyaya na narka shi har girma, alhali a wasu ƙabilun Nijeriya kaɗan ne ke iyawa. Irin waɗannan mutane sukan samu sauƙi da nono mai tsami, sun fi samun sauƙi da wara da cuku, saboda dalilin da muka riga muka gani.

Na biyar: karanta takardar jikin kaya

Wannan gajere ne. Ka nemi layin kabohaidiret, ka duba ko lambar ta giram 100 ce ko ta ɗan yankan da kamfani ya ƙayyade. Kayan Amurka doka ta ba su dama su rubuta sifiri in abin bai kai rabin giram a yanka ba, don haka sifiri a takarda ba ya nufin babu ko kaɗan. Ka karanta jerin abubuwan da aka haɗa. In ka ga sitaci, sukari ko garin madara, ka san an ƙara. Cukun da aka goge aka zuba a leda akan barbaɗa masa sitacin dankali don kada ya manne. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma tabbatar firijin kantin yana aiki.

Na shida: abin da lissafin kabohaidiret ba ya nunawa

Ina tsoron wani ya ji giram 3 ya ce shi ke nan, wara ba iyaka. A'a. Giram ɗaya na kabohaidiret kalori 4 ne, giram ɗaya na maiko kalori 9. Cheddar giram 100 yana da kalori kusan 400, kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa maiko ne, mafi yawansa irin mai daskarewa da ke ɗaga kitsen jini ga wasu mutane. Warar da ta sha mai a kasko ita ma ta yi nauyi. Mai neman rage ƙiba ya fi dacewa ya jefa ta a miyar ganye ko romo maimakon suya, kuma a matsayin nama za ta shiga, ba ƙari a kan nama ba.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Cheddar giram 100 kaɗai yana da kusan giram 2, na sarrafawa ya fi haka. Ciwon sukari da hawan jini kuwa sau da yawa tare suke tafiya. A nan warar gida ta fi ta kanti, domin ke da kika yi ta, ke ce ke da iko da gishirinta.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi kowanne haɗari, ina roƙon a saurara. Wanda ke allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, in ya yanke tuwo da shinkafa rana ɗaya ya ci gaba da shan magani yadda ya saba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa. Alamunsa rawar jiki, zufa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, ruɗewa, har suma. In na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 70, ko aka ga waɗannan alamu, a ba shi sukari ƙananan cokula huɗu a ruwa nan take, in yana iya haɗiya, a sake aunawa bayan minti 15. A wannan lokaci wara ba za ta cece shi ba, daidai saboda ba ta da sukari. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Akwai kuma wasu magunguna masu fitar da sukari ta fitsari, irin su empagliflozin da dapagliflozin, waɗanda haɗa su da kito ke iya jawo tsamin jini mai kisa. Don haka kafin ka rage abinci sosai, ka ga likitanka ya daidaita maganin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja yana nan Gwagwalada kusa da mu. Masu juna biyu, masu shayarwa, yara da masu ciwon ƙoda, kada su shiga wannan tsari da kansu.

Wanda ke da na'urar awon sukari yana da alƙali a aljihunsa. Ka auna kafin cin abinci, ka sake aunawa bayan sa'a biyu. Ga yawancin masu ciwon sukari ana so na bayan abinci ya kasance ƙasa da 180. Ka gwada yau da fura, gobe da wara da miyar ganye, ka rubuta a takarda ka kai wa likita. Jikin kowa da yadda yake karɓar abinci.

Na ƙarshe a wannan kashi, tsabta. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, ta kuma sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Tafasawa tana kashe su. Wara ta riga ta sha wuta, amma ba ta da tsami ko gishirin da zai tsare ta, don haka a zafin nan namu ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu sai an sake tafasa ta ko an soya. Mai ciwon sukari ya fi mai lafiya saurin kamuwa da cuta, gudawa kuma tana hargitsa masa sukari da ruwan jiki. A kuma yi hattara da ƙaron tumfafiya, kada ya shiga ido.

Iyayena mata, ku ne wannan ya fi shafa ta fuskar ciniki. Akwai mutane a Gwagwalada da cikin Abuja da ke neman abin da kuke yi, suna biyan kuɗi mai yawa a kan na waje don ba su san naku ya dace da su ba. Mai tallan da za ta iya cewa “wannan nonon ba kuka, ba gari, ba sukari, wannan warar ta yau ce, gishirinta kaɗan ne”, kuma maganarta ta zama gaskiya kullum, za ta samu masu saye da ba za su bar ta ba. Ina fata ƙungiyoyinku za su zauna da ma'aikatan lafiya a kan wannan.

  

Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙa masa makirufo. Wanda ya fi sakewa da Fulatanci ko Gwaranci ya yi tambayarsa da shi, akwai masu fassara a nan gaba. Ina roƙon a fara da ɓangaren mata, tunda su ne hannunsu ke cikin madarar kullum.